Katin da Aka Binne da Don Eladio

Ranar Litinin da safe aka gano dami biyu na ganyen naɗi sun ɓace daga ɗakin ajiya na kamfanin sigarinmu a garin Tamboril. Ba a fasa ƙofa ba, ɗakin kuma ba shi da taga. Ganyen naɗi shi ne wanda ake lulluɓe sigari da shi daga waje, shi ido yake fara gani, kuma waɗannan biyun sun yi shekaru kwance a duhu ana jira su nuna. Wani mai saye daga Jamus ya riga ya shinshina su ya ce nasa ne.

Manaja ya aiko a kira ni. Na tarar da shi tsaye tare da Apolinar, shugaban masu gadi, tsohon soja wanda har yanzu kowa ke ce wa Saje.

"Injiniya," in ji manaja, "ke kika ce mana ƙofofin nan ba sa mantuwa. To, tambaye su."

Aikin da ya kawo ni daga Barahona ke nan. Kamfanin yana da manhaja biyu da ba su san juna ba. Ɗaya tana biyan albashi. Ɗaya tana riƙe da shaidar kowane ma'aikaci, ita ke gaya wa ƙofofi da kwamfutoci wanda za su buɗe wa. Ni na haɗa su: idan ofishin albashi ya ɗauki mutum, katinsa ya fara aiki, idan ya sallame shi, katin ya mutu kafin mutumin ya kai bakin titi. Ma'aikata ba su so abin ba, kuma da yake ba a iya hararar manhaja, ni suke harara.

Na zauna a kwamfutar manaja na bi sawun ƙofar. Kyamarar wannan lungu laima ta kashe ta tun bara, amma kati ba ya taɓa ƙofa bai bar sawu ba. An buɗe ɗakin ranar Juma'a da tsakar rana, lokacin da kowa ya sa kai a kwanonsa. Na ga sunan, na sake dubawa.

"Waye?" in ji Saje.

"Eladio Paulino."

Saje ya fara yin alamar gicciye, sai ya ji kunya ya ƙarasa da sosa ƙirji kamar sauro ne ya cije shi. Don Eladio shi ne mai kula da ɗakin ajiyar shekara da shekaru. Wata ɗaya bai cika ba da muka binne shi.

*

Kafin a tashi cin abinci labari ya cika zauren masu naɗi. Wasu suka ce marigayin ne ya dawo duba ganyensa, don bai yarda da wanda aka ɗora a gurbinsa ba. Wata mata ta aika aka buga mata lambar katinsa a caca. Kowa ya san matarsa ta sa masa katin a aljihun riga kafin a rufe akwati, saboda mutumin bai taɓa barin gida babu shi ba, ko da coci za shi.

Saje bai yarda da wannan ba.

"Yallaɓai, na ga gawa iri-iri a soja, ban ga wadda ta ɗauki dami ba," ya ce wa manaja. "Katin bai shiga ƙasa ba. Wa ke kwana a gidan da katin yake, kuma yake aiki a nan?"

Yudelka yake nufi, 'yar marigayin, wadda take sashen da ake sa wa sigari zoben takarda. Ranar Juma'a ta bar teburinta da tsakar rana. Ba ta je wurin cin abinci ba, ba ta fita ta ƙofar gaba ba, kuma da Saje ya tambaye ta inda ta je sai ta dube shi sama da ƙasa ta ci gaba da aikinta.

Da la'asar aka dakatar da ita. Manaja ya ce idan ganye bai dawo ba zuwa Alhamis zai kira 'yan sanda, kuma sunanta zai ba su. Na gan ta tana ratsa zauren da jakarta a hammata. Rediyo yana ta kiɗa, hannuwa suna ta naɗi, babu wanda ya ɗaga kai. Sa'ata ce. Mun sha haɗuwa a gaban madubin banɗaki, ba mu taɓa wuce sannu ba.

Na koma ofishina, wani ɗaki mai sanyi marar taga inda injina suke, wanda ya sa ake kirana 'yar firij. Ban daɗe ba aka ƙwanƙwasa. Mutum ɗaya ne yake ƙwanƙwasa wannan ƙofa ba don kwamfutarsa ta lalace ba: Don Genaro, shugaban ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata. Kullum da ɗan kofin kofi a hannu, kullum yana ƙanshin turaren aski. Shi ya samo min ɗakin hayar da nake ciki a saman kantin magani, shi kaɗai ne kuma ya san sunana na yanka.

"Nurys, 'yata, sha da zafi. Kin yi fari kamar rogo."

"Sun dakatar da Yudelka, Don Genaro."

"Na sani. Ni na riƙe yarinyar nan ranar baftismarta, ni ne padrino ɗinta, wato uban baftisma, shi ya sa ni da babanta muke kiran juna compadre." Ya girgiza kai. "Amma tsakani da Allah, injin nan ba ya kuskure? Wataƙila ya ruɗe ne ya rubuta sunan da ya saba gani. Idan kin ce haka, babu mai ganin laifinki. Inji inji ne."

"Zan duba," na ce.

*

Abin da ya dame ni daban ne. Ranar da Don Eladio ya rasu, ofishin albashi ya rufe sunansa, katin kuma ya mutu a gaban idona. Ko da an tono shi daga kabari bai kamata ya buɗe ko akwatin ashana ba. Na bi sawun baya. Ranar Juma'a da safe wani a ofishin albashi ya mayar da shi ma'aikaci. Ranar Litinin da safe aka sake rufe shi.

Mutum ɗaya ce a ofishin albashi, Doña Belkis. Na tarar da ita ta ɗora ƙafa a kan kwali, fanka tana kaɗa mata. Na daɗe a bakin ƙofa ina shirya yadda zan yi tambayar ba tare da ta zama zargi ba.

"Eh mana, ni na tashe shi," ta ce, ko gezau.

"Kin tashe shi?"

"Yarinya, na'urar nan ba ta biyan wanda ba ma'aikaci ba. Tun ina da ƙugu nake fama da ita. In mutum ya mutu ko ya yi ritaya, sai lauya ya gama da takardun haƙƙinsa, in mayar da shi ma'aikaci na yini ɗaya, in biya, in sake kwantar da shi. Eladio ya faɗo a Juma'a, shi ya sa ya samu hutun ƙarshen mako."

"Lokacin da na zauna da ke ina tambayar yadda kuke aiki, ba ki faɗi wannan ba."

"Kin tambaye ni yadda nake ɗaukar mutum da yadda nake sallamarsa. Wa ya ce miki wannan aiki ne? Dabara ce kawai." Sai ta sauke ƙafarta daga kan kwalin. "Tsaya. Kina nufin in na tashe shi a nan..."

"Ƙofofi ma sun tashe shi."

"Wayyo Budurwa Maryamu!" Ta dafe ƙirji. "Ni? Ni da ko katina ban san inda yake ba, masu gadi ke buɗe min?"

Na yarda da ita. Tsoronta ba na shiri ba ne, har jambakinta ya taɓa haƙori.

"Wa ya san ranar da za ki tashe shi?"

"Ni, da lauya, da iyalinsa. Da Genaro, shi ke kawo su sa hannu, shi ke riƙe su in sun fara kuka. Da duk wanda Saje ya gaya wa, wato duk Tamboril."

Na fita daga ofishinta. Na gano yadda ƙofar ta buɗu, amma abin da na gano ya ƙara ɗaure Yudelka ne: iyali sun san ranar, iyali ne kuma na ƙarshe da katin.

*

Ranar Talata na hau acaɓa zuwa gidan marigayin. An riga an kwashe teburin addu'ar kwana tara, saura hotonsa a bango da tabon kyandir a siminti. Matarsa, Doña Fior, ta ba ni kujera mai lilo ta shiga dafa kofi. Yudelka tana tsaye a ƙofar ɗaki ta harɗe hannu.

"Ga 'yar firij ta zo ganin ɓarnar injinta."

"Yudelka! A gidana?" in ji uwar daga kicin.

Na tambaye ta kai tsaye ina ta je ranar Juma'a. Na ɗauka za ta yi min kallon da ta yi wa Saje. Wataƙila don ba ta ɗauke ni a bakin komai ba ne ta amsa.

"Bayan janareta. Can babana yake cin abincinsa, ba ya son surutu. Ranar nan ake ba mama takardar cewa kamfani ya gama da shi. Sai in je in zauna cikin mutane ina cin shinkafa da wake?"

"Wani ya gan ki?"

"Da ina so a gan ni, da can zan je?"

"Me ya sa ba ki gaya wa Saje ba?"

"In gaya wa Saje na je kuka? Gobe ki ji shi a bakin mai sayar da lemo."

Doña Fior ta kawo kofi ta zauna. Na tambaye ta katin.

"Da hannun nan na sa masa, 'yata. Aljihun hagu. Har na maɓalle masa."

"Kina wurin aka rufe akwatin?"

"Ina! Ba zan iya kallon wannan ba. Mu mata muka fita tsakar gida, maza suka rufe. Ƙannensa, da compadre Genaro, da mutumin gidan jana'iza. Maza dai." Ta juya cokali a kofinta. "Suna cewa 'yata ɓarauniya ce, wasu suna cewa mijina ne. Eladio ko allura bai taɓa kawowa gida ba. Amma ya zo ranar nan, wannan kam na sani."

"Mama, kada ki fara," in ji Yudelka.

"Bar ni in faɗa. Da muka gama sa hannu, compadre ya kawo ni gida a motar ƙungiya. Muna kan hanya sai na ji ƙanshinsa. Ba warin taba na kowa da kowa ba, a garin nan ko limamin coci warin taba yake. Nasa daban ne. Shekaru ina wanke shi daga rigunansa, ba ya fita. Ya cika motar nan kamar yana zaune a bayana. Na yi kuka har ƙofar gida. Ban gaya wa compadre ba, kada ya ce na zare." Ta yi murmushi. "Ya zo sallama ne. Bai samu ya yi min a asibiti ba."

Na sha kofina na yi godiya. Na ɗauki maganarta a matsayin abin da kewa ke sa mutum ji. Ni ma nakan ji muryar mahaifiyata a matakalar kantin magani, alhali tana can Barahona.

*

Da safiyar Laraba na gwada Saje. Akwai makullin ƙarfe na gaggawa da ke buɗe ɗakin ajiyar idan wuta ta ɗauke, kuma a ofishinsa yake.

"Ni kike tuhuma, Injiniya? Ni?" Ya jawo aljihun tebur da ƙarfi har ya kusa faɗowa. Makullin yana cikin ambulan, hatimin manaja a kai, ƙura a kan hatimin. "Kin gani? Kuma babu motar da ke fita ƙofar nan ban leƙa ba. Ko ta manaja, in ya ba ni fuska."

"Kowace mota?"

"Kowace. Ki rubuta a injinki."

Na koma ɗakina mai sanyi na sake tunani daga wani gefe. Katin a hannu bai isa ba. Sanin ranar ma bai isa ba. Dole ɓarawon ya san abin da ni da na haɗa manhajar ban sani ba, da Doña Belkis ma ba ta sani ba: cewa ranar da aka tashi mutum, katinsa yana farkawa. Wannan ba a karanta shi a ko'ina, sai dai a gani da ido.

Na nemi duk waɗanda aka tasa tun da na haɗa manhajojin. 'Yan kaɗan ne, kuma katinsu bai taɓa ko'ina ba, sai na mutum ɗaya. Diómedes, tsohon mai naɗi da ya yi ritaya. Ranar da aka biya shi haƙƙinsa, katinsa ya buɗe ƙofar gaba.

Na same shi a gaban kantin unguwarsu yana buga domino da wasu tsofaffi uku, kowa da ɗan kofinsa.

"Kai, ku gyara zama, gwamnati ta zo!" ya ce da ya gan ni. "Injiniya, in aure kika zo nema, waɗannan ukun sun lalace, ni kaɗai na rage."

"Rufe mana baki ka ajiye ƙwayarka, tsohon banza," in ji na kusa da shi.

Na tsaya riƙe da jakata a ƙirji, na tambaye shi katin. Ya fashe da dariya.

"Au, ashe ta kai ƙarata! Rabin rayuwata ina shiga ƙofar nan kamar jaki. Ranar da na je karɓar sallamata na ce bari in ga ko ta manta ni. Na ɗora tsohon katin, sai ta yi ƙara ta buɗe! Matata ma ba ta taɓa buɗe min da sauri haka ba."

"Wa ya gani?"

"Genaro, shi ya rako ni. Ya tsaya yana kallon ƙofar kamar ta yi masa magana. Sannan ya ce in riƙe bakina, kada a ce yarinyar nan ta ɓata aiki a kore ta." Ya buga ƙwayarsa a tebur. "Yana ji da ke, mutumin nan. Ki riƙe shi."

Ban hau acaɓa ba, na tako da ƙafa har kamfani cikin rana. Ina ta gaya wa kaina cewa wannan ba hujja ba ce. Mutum zai iya ganin ƙofa ta buɗe ya yi shiru don tausayin baƙuwa. Ina so hakan ya zama gaskiya fiye da yadda na taɓa son wani abu a garin nan.

Na roƙi manaja ya buɗe min ɗakin ajiyar. Duk watannin nan ina ba da izinin shigarsa, ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Yana tura ƙofar abin ya buge ni: wani wari mai hawa kai, mai sa ido ruwa, a ƙarƙashinsa kuma zaƙi kamar na zumar da ta ƙone. Bai yi kama da na zauren masu naɗi ba ko kaɗan. Na tsaya a gaban gurbin da aka ɗauke kayan. Bayan ɗakin akwai ƙofar lodi, tana kallon rumfar da ƙungiya ke ajiye motarta da shinkafa da man da take raba wa 'ya'yanta duk Juma'a.

"Yallaɓai, warin nan yana bin mutum?"

"Bin mutum? Ki je ki ji abin da mai wankinki zai ce. Dami ɗaya ya kwana a mota, sai ki sayar da motar."

Na ce ya ba ni aron ganye kaɗan a leda, kuma ya tara min mutane gobe da safe kafin ya kira kowa.

*

Ranar Alhamis muka taru a ofishin manaja. Saje yana tsaye a bakin ƙofa. Doña Belkis ta zo da maficinta. Yudelka ta shigo riƙe da hannun uwarta, ta sunkuya wa Don Genaro kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

"Sa min albarka, padrino."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ya juyo ya yi min murmushi. Ban iya mayar masa ba. Ban saba magana a gaban mutum fiye da biyu ba, don haka na dubi gefen tebur na fara. Na bayyana yadda ake tashin mutum na yini ɗaya, da yadda katinsa ke farkawa tare da shi. Na ce dole ɓarawon ya haɗa abu uku: katin, da ranar, da sanin cewa ƙofa za ta amsa.

"Duk ukun suna gidan Paulino," in ji Saje.

"Na ukun ba ya can. Yudelka ba ta da yadda za ta sani. Sau ɗaya abin ya taɓa faruwa, ranar da Don Diómedes ya gwada tsohon katinsa a ƙofar gaba. Mutum ɗaya ne a tare da shi."

Don Genaro ya gyara zama. "Ni ne, 'yata. Na yi shiru ne don in rufa miki asiri. Yau shi ne laifina?"

"A'a, Don Genaro." Na juya ga Doña Belkis. "Ranar Juma'a, da ana sa hannu, yana ofishinki daga farko har ƙarshe?"

"Yana nan mana... A'a, tsaya. Ya fita neman wa Fior ruwan sanyi. Ya daɗe har na ce ko rijiya ya tafi haƙawa. Ya dawo yana gumi, ruwan ma ba sanyi."

"Saje, ka leƙa motar ƙungiya da za ta fita?"

Saje ya gyara tsayuwa. "Da matar mamaci a ciki tana share hawaye? Haba, Injiniya. Hula na cire."

"Wannan duk surutu ne," in ji Don Genaro, amma a hankali. "Comadre Fior, kin san ni."

Saura abu ɗaya, kuma shi ne na kwana ina fatan kada a kai gare shi. Na ciro ledar daga jakata, na zagaya tebur, na durƙusa a gaban Doña Fior.

"Mama, ki yafe min. Ki shinshina wannan."

Na kwance bakin ledar. Ta sunkuya, ta rufe ido. Fuskarta ta saki gaba ɗaya.

"Eladio," ta ce.

"Shi kika ji a motar?"

"Shi ne. Shi ne wannan."

"Ganyen ɗakin ajiya ne, Mama. Babu inda ake samun wannan ƙanshin sai can. Yana bayan motar, ƙarƙashin buhunan shinkafa."

Ta buɗe ido. Ba ni ta duba ba. Ta daɗe tana kallon mutumin da ya riƙe 'yarta a coci, ya ɗauki akwatin mijinta a kafaɗa.

"Da muka fita tsakar gida," ta ce, "ka sa hannu a aljihunsa."

Don Genaro ya dubi hannuwansa. Maficin Doña Belkis ya tsaya.

"Ganyen yana rumfar bayan gidan ɗana," ya ce da manaja. "Ba a taɓa shi ba. Yaron ya buɗe 'yar sana'ar naɗi, babu mai sayar masa da ganyen kirki, duk manyan kamfanoni sun kame. Na ga yana naɗa shara da hannun da ya fi na kowa a zauren nan. Na ce ba wanda zai cutu. Compadre ya tafi inda ba a tuhuma. Na ce za a ɗora wa inji, inji kuwa ba ya zuwa kurkuku."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka. Mu biyu mun san wa ake kora idan inji ya yi laifi.

"Yarinyar fa?" in ji manaja.

"Ba zan bari a kai ta ko'ina ba. Wallahi da na yi magana. Ina jira ne kawai in ga..."

"Yau Alhamis, padrino," in ji Yudelka.

Manaja ya ɗaga waya. Saje ya matsa daga bakin ƙofa ya tsaya a bayan kujerar Don Genaro, amma bai taɓa shi ba.

*

Na raka su har tsakar kamfani, ban san dalili ba, ina tafe a bayansu kaɗan. Ta tagogin zaure ana leƙenmu. Na san kafin yamma za a ce 'yar firij ta tona asirin mutumin da ya yi wa rabin kamfanin nan tsayuwar biki da ta makoki, kuma gaskiya ne.

A bakin ƙofa Doña Fior ta tsaya ta juyo.

"Ke nan bai zo ba," ta ce.

Na dubi fuskarta.

"Bai zo ba, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta gyara baƙin mayafinta. Na ce bari in tsayar musu da mota. Ta ce a'a, ta gaji da shiga motar mutane, za su taka.

Sun yi 'yan taku sai Yudelka ta saki hannun uwarta ta dawo. Idonta jawur. Na ɗauka zagi ne, na shirya karɓa.

"Gobe in na zo," ta ce, "katina zai buɗe?"

"Zai buɗe."

"Kin tabbata? Ba na so in tsaya a nan kowa yana kallona."

"Zan zo da wuri in tsaya a wurin."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ba ta yi godiya ba. Ta ce, "To, kada ki makara," ta juya da sauri ta cim ma uwarta.